Kafin Juma'a

Tun da sabuwar doka ta fito, makarantar koyon jinya ba ta ɗaukar kowa sai wanda ya yi jinyar wani nasa har ya cika a hannunsa. Na'ura ce ke tantance bayanin mai neman gurbi, ƙarya kuwa ba ta wuce ta.

Ramlatu ta rubuta nata, ta yaga. Ba ta da mamaci, ga shi Juma'a za a rufe karɓa.

Tana gyara wa mahaifinta shimfiɗa, sai ƙwayoyin maganin zuciyarsa, waɗanda kullum take miƙa masa, suka zubo daga ƙarƙashin filo.

"Baba, mene ne wannan?"

Ya juya fuskarsa ga bango.

"Bar su nan, Uwata. Kafin Juma'a za ki samu abin rubutawa."