Ranar Da Baƙo Ya Yi Tari

Tun hantsi Yusha'u ya kasa zama. Ya tsaya bayan rumfar taro, ya koma gindin itacen bedi, ya dawo, idonsa na kan tutar jam'iyya da iska ke kaɗawa.

Duk kaka, in manoman fadamar Wurno suka cinna wa karan shinkafa wuta, hayaƙi kan rufe ƙauyensu har a kasa ganin hasumiyar masallaci. 'Yarsa Zinariya mai ciwon fuka takan kwana zaune tana jan numfashi. Bara saura kaɗan a rasa ta. Shi ya sa ya tara mutane suka yi ta kai kuka, har aka ce babban jami'i zai zo daga Sakkwato ya gani da idonsa.

Sai Kansila Lawwali ya riga su. Ya hana ƙona komai har baƙo ya tafi, ya turo motoci suka kwashe karan da ke gonaki tas. Gari ya waye garau, sama kamar an wanke ta.

Jiya Yusha'u ya ɗora Zinariya a babur ya kai ta Goronyo wajen gwaggonta. Da ya dawo, matarsa Mas'uda ta tambaye shi yaushe masu bugun shinkafa za su zo.

"Ba yanzu ba," ya ce, bai dube ta ba.

Baƙo ya iso da azahar. Kansila ya karɓi lasifika yana nuna sama.

"Ranka ya daɗe, ga ido ga gari. Ina hayaƙin da anka ce? 'Yan adawa na kawai."

Aka yi tafi. Yusha'u ba ya wurin. Ya dawo can an jima yana haki, ya raɓe a bayan jama'a.

Tuta ta juya. Wari ya fara isowa, sannan hayaƙi ya taso daga fadama, fari, mai kauri, ya shige rumfa. Mata suka ja mayafi suka rufe hanci. Baƙo ya buɗe baki zai yi jawabi, tari ya sarƙe shi, hawaye na zuba. Da ya samu numfashi, bai ko kalli kansila ba.

"Haka yaranku ka kwana?"

"Haka, ranka ya daɗe," in ji wata tsohuwa.

Nan take ya yi alkawarin injin niƙa kara ya zama abincin dabbobi, da magani a asibitin ƙauye.

Kansila ya ja yaransa gefe yana huci. "Mi anka ƙona? Ba mun kwashe komi ba? Ku gano min!"

Suka dawo jikinsu a sanyaye. Ba kara ba ne. Shinkafar Yusha'u ce ta shekara guda, wadda ya yanke ya tara bai buge ba, kuma masu kamun kifi sun ga lokacin da ya durƙusa ya ƙyasta mata ashana da hannunsa.