Garejin Rafi'atu

Barmo na saman tsani, kansa a cikin rufin gareji, yana cusa audugar gilashi mai ruwan hoda, irin mai tare sanyi, tsakanin katakai, yana susa kamar mai ƙazuwa.

Alkawari yake cikawa. Marigayiya matarsa Rafi'atu ta sha yi masa ƙorafin sanyin garejin. Duk hunturu sai ta ce, "Baban Kassim, wurin nan ya fi firji." Shi kuwa direban tirela ne, yau yana Ohio gobe yana Texas, sai ya ce in ya dawo zai gyara. Tun da suka tare a gidan nan na unguwar Stapleton bai taɓa leƙa layin garejin da ke bayan gidajen ba. Harkar gida duk ita ce.

Bayan sadakar arba'in ya zazzage jakarta, ya sami makulli ɗaure da jan zare. Ya zagaya baya, ya tarar da ƙofofi farare a jere kamar haƙora. Ya gwada ta farko ta ƙi, ta biyu ta buɗe. Ya yi bismilla, ya kira abokinsa Gafaru, mutumin Kumasi, ya zo ya riƙe masa tsani.

Da suka janye kayan jikin bango, sai ga sandar kamun kifi. Barmo ya yi murmushi, ashe Rafi'atu har teku take zuwa ba ta faɗa ba. Can kuma sai ga buhun abincin kare. Ya ce tausayi gare ta, ko tsuntsu ba ta bari da yunwa.

A cikin rufi ya ci karo da kwali cike da kwalaben giya. Nan murmushi ya ɗauke. Gafaru ya ce, "Alaji, ƙila man ja take zubawa a ciki." Barmo ya shinshina, ba man ja ba ne.

Sai kuma takalma. Na namiji ne, na ruwa, kowace ƙafa kamar kwalekwale. Barmo ya zura tasa ƙafar, ta yi iyo a ciki.

Ya zauna a kan ɗaurin auduga, ya manta ƙaiƙayi take sawa. Matar da ba ta taɓa bari asuba ta wuce ta ba? Hawaye suka zubo, ya share da safar hannu, ido ya ƙara yaji.

"Mu bari kawai," in ji Gafaru.

"Alkawari alkawari ne. Hisabi kuma sai mun haɗu."

Haka ya ci gaba, yana kuka yana susa yana manna audugar da sitefula, bindigar buga ƙananan ƙusoshi. Ya toshe rufi, ya bi bango ɗaya bayan ɗaya, ko kafar da sauro zai bi bai bari ba. Da ya gama, wurin ya yi ɗumi kamar ɗakin mai jego. Takalman kuwa ya jera su a bakin ƙofa, ya jawo kujera ya zauna. Mai su zai zo nema.

Ranar Lahadi da hantsi mota ta tsaya. Maƙwabcinsu Mista Dominik ya fito, tsohon Bature mai tumbi da ya tafi Florida tun kafin rasuwar, karensa na biye da shi. Ya yi ta'aziyya da ladabi, sannan idonsa ya faɗa kan takalman. Ya tuɓe silifas, ya zura ƙafa. Cif.

Jinin Barmo ya tafasa. Wannan tsoho mai ƙafar agwagwa! Ya miƙe riƙe da sitefula, yana haɗa Turancin da zai isa ya yi zagi.

Mista Dominik bai lura ba. Ya wuce ciki, ya ɗaga kai ya dubi rufi, ya shafa bango, ya juyo idonsa fal hawaye, ya rungume Barmo har da ƙaiƙayin.

"Maƙwabci, ban taɓa ganin mutanen kirki irinku ba," in ji shi. "Na bar wa matarka makullin garejina don ta riƙa ajiye mini wasiƙu kawai, kai kuma ga naka can a gefe yana shan iska, ka zo ka gyara nawa!"