Wa Ke Kunna Akwatin Manu?

Akwatin ya sake sandarewa. Ɗan wasan da ke cikin talabijin ya ɗaga ƙafa zai buga ƙwallo, ya tsaya cak a haka. Manu ya ɗora tafin hannu a saman katakon, ya janye da sauri. Kai! Kamar murfin tukunya.

Da hannunsa ya haɗa abin nan. Kayan cikin wata tsohuwar kwamfuta ya sayo a Illo, kafinta ya buga masa akwati, ya loda wasannin da ake yayi tun yana firamare, ya jona da batirin sola. Ya kuma kafa doka a gidan: duk wanda ya taɓa, shi da shi ne. Da bazara, lokacin da Bagudo ke gasa mutum da ransa, akwatin ko tari bai yi ba. Sai yanzu da damina ta zauna, gari ya yi sanyi, wai shi ne zai riƙa zafi?

Ya sauya fanka. Ya goge tsohon man da ke kan ƙwaƙwalwar injin, ya shafa sabo. Ya canza caja, ya canza memori. Da ya rasa yadda zai yi, ya huda saman akwatin da ƙusa don iska mai zafi ta riƙa fita ta nan. Abin haushi, tun da ya yi hujin nan sai lamarin ya ƙara taɓarɓarewa.

Daga nan ya fara lura. Ran da ya wuni gida, akwati lafiya lau. Ran da ya ɗauki kaya a babur ya tsallaka iyaka, in ya dawo da la'asar sai ya tarar da shi da zafi tun kafin ya kunna. Ashe wani ke kunnawa a bayan idonsa, ya bar shi yana aiki wuni guda.

Ya durƙusa ya duba da kyau. A saman katakon, daidai kan hujin, akwai wani zagayayyen tabo mai danshi, irin na gindin ƙwarya. Tururuwa na bin gefensa. Ya shinshina, ya ji tsamin nono. Wato baƙon ba wasa kaɗai yake yi ba, har fura ake dama masa!

Mutum ɗaya ya faɗo masa a rai: Bunyaminu mai gyaran waya, abokinsa, wanda ya taya shi jona wayoyin akwatin. Kuma kowa a unguwar ya san Bunyaminu ya nemi Atika kafin Manu ya aure ta.

Ya kira ta ɗaki.

"Atika, wa ka shiga ɗakin ga in ba ni nan?"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. "Wallahi maigida, ba wanda ya yi wasa da shi."

"Ba shi na tambaye ki ba. Wa ka shiga?"

"An roƙe ni kada in hwaɗi. Kuma sunan ya hi ƙarhin bakina."

Ya fi ƙarfin bakinta! Shi dai a saninsa, sunan mijinta mace ke kunyar kamawa. To wane namiji ne kuma ya samu wannan matsayi a cikin gidansa? Yana son yarinyar nan, abin da ya fi ci masa rai ke nan.

Tuwon ranar bai shiga ba. Inna, mahaifiyarsa, ta fito daga ɗakinta ta dire masa kindirmo, tana ta cika baki cewa a sanyin nan nonon duk matan unguwar ya ƙi barci sai nata, wai a kasuwar Lolo kafin ta sauke ƙwarya an wawashe. Ko jin ta bai yi ba. Ya kurɓa sau ɗaya, ya ture.

Washegari ya ɗaura kaya, ya yi sallama da ƙarfi don kowa ya ji, ya tayar da babur. Bai wuce bayan masallaci ba. Ya jingine babur ɗin, ya zagayo ta gonar gero, ya laɓe jikin zana, raɓa na jiƙa masa wando.

Ba a jima ba ya ji ƙarar ƙofar ɗakinsa. Sai ɗan kiɗan nan da akwatin ke yi in an kunna shi. Sai raɗa. Sai dariyar Atika, ƙasa-ƙasa, irin wadda rabon da ta yi masa har ya manta.

Idonsa ya rufe. Bai san lokacin da ya keta zanar ba. Ya banke ƙofa, kuma tun kafin idonsa ya saba da duhun ɗakin bakinsa ya riga shi:

"Atika, na sake ki!"

Faifan da ke hannun Atika ya suɓuce ya faɗi.

A gaban akwatin, Inna ce durƙushe, hannunta biyu riƙe da ƙwaryar madara, tana daidaita gindinta a kan hujin da ya yi da ƙusa, inda ɗumin ke fitowa ya sa nononta barci.