Takarda Mai Lamba 114

Farfesa Harlan Stucky ya shekara talatin yana nazarin al'adun mutanen nesa, har gwiwoyinsa suka gaji da hawa jirgi. Sai ya zauna gida Ohio, ya buɗe aji ta intanet, ya ba ɗalibai ɗari biyu aiki: kowa ya sa wa wani Ba'amurke ido kamar bai taɓa ganin irinsa ba, ya rubuto abin da ya gani. Takardun da lamba suke zuwa, ba suna, don kada a ce ya yi son kai.

Ta 114 ce ta sa shi dariya har ya ƙware da kofi.

A kan wani magidanci aka yi ta, mai bauta wa ciyawar ƙofar gidansa duk Asabar, wanda hirarsa da injin yankan ciyawar ta fi wadda yake yi da iyalinsa. Cikin mota yake cin abincin rana. Ya san sunan karen maƙwabci, bai san na maƙwabcin ba. In ya tambayi matarsa lafiyarta, kafin ta buɗe baki ya kai gareji. Aka rufe da cewa alamu sun nuna matar gidan na shirin ƙaura kafin sanyi ya shigo.

Ya kwashi takardar zuwa kicin. Matarsa Doreen ta rufe kwamfutarta da ta gan shi. Tun bazara ta kamu da ita, shi kuwa ya ɗauka wasan karta take yi a ciki.

Ya karanta mata daga farko har ƙarshe yana share hawayen dariya. Ya ce ai ciwon mutanen ƙasar nan ke nan, kuma wanda ya zauna da masu gaisuwar rabin awa, kamar shi, tun daga nesa yake hango irin wannan bawan Allah.

Doreen ta tambaye shi shawarar da zai ba matar.

"Ta tattara kayanta mana. Irin wannan ba ya gyaruwa, Doreen. Ko a gabansa aka karanta ba zai gane kansa ba."

Ta ce to, ta wanke kofinta, ta hau sama.

Ya ba takardar cikakken maki yana fito, sannan ya buɗo jerin sunaye don ya taya mai wannan kaifin ido murna.

A gaban lamba 114 an rubuta Doreen Vogel, sunan da take amsawa kafin ya aure ta.