Kwamfuta a Cikin Shoglas

Tunda kin ce kullum hankalinki a tashe yake kan kayan yaran nan, zauna ki ji misalin wata mata.

Gidanta yana bakin hanyar da tifofi ke bi su ɗebo yashi daga rafi, hanyar kuwa ko kwalta babu. In tifa ta wuce sai jar ƙasa ta turnuƙe tsakar gida, ta sauka a kan randa, a kan shanya, har cikin miya in an bar tukunya a buɗe. Matar tana da 'ya budurwa mai ƙoƙarin karatu, wadda ke shirin jarrabawar shiga jami'a, irin wadda yanzu a kwamfuta ake yin ta. Sai ƙanin matar da ke aiki a birni ya kawo wa yarinyar kwamfuta, da allonta da akwatinta da madannanta, don hannunta ya saba kafin ranar. Da zai shiga mota ya juyo ya ce, “Yaya, a dai kula da ƙura, ita ce ajalin irin waɗannan.” Shi ya faɗa ya yi gaba abinsa. Ita kuwa maganar ta zauna mata daram a ƙirji.

Washegari ta ɗinka wa kwamfutar riga da sabuwar atamfa. Da yamma ta ɗaga rigar, ta shafa yatsa, ta ga ja. Ta toshe tagar ɗakin da tsumma, ta dinga yayyafa ruwa a ƙofar gida, amma duk da haka in rana ta leƙo ta kafar ƙyaure sai ta hangi ƙura tana yawo a cikin hasken. Daga ƙarshe ta buɗe shoglas ɗinta, ta kwashe tangaran da kwanukan da aka jera mata tun lokacin aure, waɗanda ko da sallah ba a taɓa zuba abinci a cikinsu ba, ta cire katako ɗaya, ta zaunar da kwamfutar a ciki. Ta rufe, ta ƙulle makullin a haɓar zane. Ai kuwa ta yi kyau a wurin. Maƙwabta su shigo su tsaya suna kallonta ta gilashi, suna sa albarka.

In yarinyar ta nemi makulli ba a hana ta kai tsaye. Uwar ba muguwa ba ce, wallahi, tsoro ne kawai. Sai ta ce a bari a gama shara ƙura ta kwanta. An gama shara, tifofi sun fara zirga-zirga. Tifofi sun lafa, an ɗauke wuta. Ranar da aka yi dace aka fito da kwamfutar kuwa, uwar na tsaye a kan yarinyar da tsumma a hannu: ki wanke hannu tukuna, kar ki danna da ƙarfi, ja ƙofar nan, ya isa haka kar ta gaji. Tun yarinyar na tambaya har ta daina, ta koma kan littattafanta. Uwar ta samu kwanciyar hankali, tana ganin ta riƙe amana.

Ranar jarrabawa aka zaunar da yarinyar gaban kwamfuta a wani babban ɗaki cike da yara. Tambayoyin ba baƙinta ba ne, ta san amsoshin kamar yunwar cikinta. Hannun ne ya ƙi. Na kusa da ita suna ta ƙwanƙwasa madannai kamar kaji sun samu tsaba, ita kuwa tana lallaɓawa kamar mai ɗaukar ƙwai, ta taɓa ta janye, tana jin kamar za ta ɓata wa mutane kaya. Can wani rubutu ya fito a allon wanda ba ta gane ba. Ta zauna tana kallonsa, tana tsoron taɓawa, tana kunyar kiran malami. Lokaci ya cika ko rabi ba ta kai ba.

Da sakamako ya fito, ƙawayenta da take koya wa lissafi a zaure suka ci, ita ba ta ci ba. Ta dai ci gaba da wanke-wankenta. Haƙurin nan nata ya fi zagi yi wa uwar ciwo.

Ana nan kawun ya zo ziyara, ya sa aka fito da kwamfutar, ya kwance akwatin ya leƙa, ya tarar da shi tas. Ya ce, “Yaya, ban taɓa ganin mai riƙon kaya irinki ba. Kamar yau aka ciro ta daga kwali.” Ta dubi kwamfutar, ta juya ta dubi 'yarta.

Bayan ya tafi, ta ɗora kwamfutar a kan tebur da hannunta, ta zare tsumman taga, ta wangale ta, ga tifa tana wucewa. Ta kira 'yarta ta ce ta zo ta zauna ta danna son ranta, in za ta lalace ta lalace, baɗi ma akwai jarrabawa. Yarinyar ta zo ta tsaya daga nesa, hannuwanta a baya. Ta dubi tagar, ta dubi uwar, ta ce a hankali, “Umma, a mayar da ita. Za ta yi ƙura.”

Ba gatse take yi ba, har zuciyarta take nufi. A nan uwar ta nemi wuri ta zauna. Ƙurar kwamfuta dai mai gyara zai buɗe ya busa ta fita, amma tsoron da ta zuba a hannun 'yarta ba ta san wa za ta kai wa ya busa ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira a rasa ido.