Ƙurajen Baba

Tun da aka kawo sabuwar allurar ciwon dajin huhu, ƙuraje suka zama abin barka a garinmu. An ce wanda suka feso wa, allurar ta karɓe shi, zai yi tsawon rai.

Wata uku Baba yana karɓarta, fatarsa sumul. Kullum da safe nakan saci kallon bayansa.

Yau na tarar yana susa, bayansa ya yi rudu-rudu.

"Kande, kira maƙwabta!" in ji shi, yana dariya.

Matarsa Inna Delu ta rangaɗa guɗa. "Malam, ka tsallake!"

Da na ɗaga tabarmarsa zan yi shara, sai ga kwanson karara biyu, mai sa ƙaiƙayin nan. Na mayar da su yadda suke, na fita na dama kunun 'yan barka.