Alwalar Barmo a Kwarin Ƙanƙara

Abin ya fara ne a wata Lahadi cikin Janairun 2015, ranar da Barmo ya bar teburinsa na sayar da turare a bakin titin Fordham Road, ya ari mota domin ya kai matarsa Hamdatu wani kwari a duwatsun Catskills. Shekara goma sha biyu tana zaune a unguwar Tremont, kullum tana cewa tana son ganin dusar ƙanƙarar da mota ba ta taka ba.

Tun a ƙofa ta dubi siraran takalmansa na zuwa Juma'a.

"Maigida, da waɗannan za ka?"

"Hajiya, mutumin da ke wuni tsaye a bakin titi za ki koya wa sanyi?" Ya gyara mata mayafi yana dariya, ita kuwa ta ƙyale shi.

Kwarin ya yi fari fat, shiru kamar masallaci bayan an watse. Suka bar motar, suka taka kusan sa'a guda yana riƙe da hannunta. Da azahar ta yi, sai ya tuna ba shi da alwala. Ya tsuguna a bakin wani rafi, ya fasa ƙanƙarar da dutse, ya tuɓe safa.

"Malam, don Allah bari mu koma mota tukuna."

"Ga ruwa, ga lokaci, in ce wa Ubangiji me? Matsa, ke dai raguwa ce."

Ya wanke ƙafafunsa sau uku-uku, ya mayar da su cikin safar auduga a jiƙe, suka yi salla. A hanyar komawa iska ta taso, dusar ta cika masa takalma. Da farko ya ce yatsunsa na yi masa zugi. Can kuma ya ce, "Alhamdu lillahi, sun daina."

Hamdatu ta ji daɗi. Ba ta san cewa a nan ne hatsarin yake ba.

A gida yatsun suka yi fari, suka sandare kamar kyandir. Ta murza su da man zafi, ta kara masa ƙafa a jikin hitar ɗumama ɗaki, shi kuma ya ce asibiti ba na wannan ba ne. Bayan kwana uku yatsun suka fara baƙi. Bayan 'yan makonni likitoci suka yanke masa yatsu uku na ƙafar dama.

Ta zauna a gefen gadonsa tana hawaye. "Da hannuna na ƙara lalata su."

"Kul, Hajiyata. Kin faɗa, ni ne ban ji ba."

Ya ku masu karatu, sanyin dutse ba irin na gari ba ne. Duk mai niyyar zuwa ya duba hasashen yanayi, ya sa takalman da ruwa ba ya ratsawa, ya riƙe busasshiyar safa, ya kuma tambayi malamai sauƙin da addini ya yi wa mai tsoron cutuwa. Gaɓar da ta daina jin sanyi ba warkewa ta yi ba: kada a murza ta, kada a gasa ta, a tafi asibiti nan take.

Ranar da aka sallame shi, Barmo ya jingina da kafaɗar matarsa ya ce, "Juma'a mai zuwa zan tsaya bayan salla in nuna wa jama'a ƙafata."